Motar da ta ƙi tashi

Wata rana cikin watan Maris ina zaune ƙarƙashin dogon yaro, bakin wani garaji a Tasawa, ina jiran a gyara mini babur. Sai ga wata ƙaramar motar kaya ta shigo a hankali. Bayanta cike yake da kwandunan tumatir. Daga lambunan Jiratawa aka ɗauko su, kusa da Maraɗi, za a kai su Damagaram. Tafiyar ta fi kilomita 200. Ga shi hantsi ya ɗaga, ba a ci fiye da rabinta ba.

Direba ya sauko, gumi ya jiƙe masa riga. Ya gaida makanike, ya ce:

— Maigida, taimake ni. Motar nan in ta ɗauki zafi sai ta mutu bisa hanya. In na murza makulli inji yana juyawa, amma ba ya tashi. In muka zauna kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Yau sau uku ke nan. Shekaranjiya an ce mini buji ne, na sake guda huɗu. Jiya an ce bobin ne, na sayi sabo. Kuɗina sun ƙare, ciwo yana nan.

Mai tumatir wata dattijuwa ce. Ba ta ce komi ba. Ta zagaya bayan mota tana duban kwandunan ƙasa, sun fara ɗigar da ruwa. Jarinta duka yana cikin kwandunan nan.

Makanike ya ce ma direba ya tada inji. Inji ya tashi nan take, yana aikinsa lafiya lau. Makanike ya ce:

— Gusa da ita inuwa, ka bar inji yana aiki. Sai ciwon ya motsa za mu gan shi. Inna, ki yi haƙuri kaɗan, ga benci nan.

Kafin inji ya yi zafi, yara, bari mu ga abin da makanike zai biɗa.

Abin da inji ke bukata

Cikin injin mota akwai ramummuka zagayayyu da ake kira silinda. Yawancin ƙananan motoci huɗu gare su. Cikin kowace silinda akwai fistan, yana hawa yana sauka kamar taɓarya cikin turmi. Fistan ya sauka, ya zuƙo iska haɗe da fetur. Ya hau, ya matse su. Sai wuta ta kama, iskar ta kumbura da ƙarfi, ta tura fistan ƙasa. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje. Zuƙa, matsa, ƙonawa, fitarwa: motsi huɗu ke nan. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya ƙera inji mai aiki haka a shekarar 1876.

Ke nan inji yana bukatar abu uku. Na ɗaya, iska da fetur daidai gwargwado. Na biyu, matsi. Na uku, wuta. In ɗaya ya ɓace, ko an kwana ana murza makulli mota ba ta tashi.

Wa ke kunna wutar? Kun taɓa ganin tsoho yana ƙyasta ƙyastu bisa ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa cikin auduga ta kama? To, a kan kowace silinda akwai ɗan abu mai yin wannan aiki. Sunansa buji, da faransanci bougie. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano suna ce masa fulogi. A bakin buji akwai ƙarfe biyu, tsakaninsu ɗan fili wanda bai cika wuce milimita ɗaya ba. Wutar lantarki ce ke tsallake filin nan, ta yi tartsatsi.

Wannan zance na injin fetur ne. Manyan motocin kaya masu shan gazuwal ba su da tartsatsi. Su matsin kaɗai ke zafafa iska har mai ya kama da kansa.

Tartsatsi kuma ba ya zuwa lokacin da ya ga dama. Ku tuna da mata huɗu suna lugude a turmi guda. Kowace taɓarya da lokacinta. In ɗaya ta riga ko ta makara, sai taɓare su haɗu, daka ta ɓaci. Haka silinda huɗu suke. A yawancin injuna ta 1 ce ke farawa, sai ta 3, sai ta 4, sai ta 2, a sake komawa. Kuma tartsatsin yakan zo kaɗan kafin fistan ya ida hawa, sabili da wuta tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta game silinda. Mai harbin tsuntsu yana cikin tashi, gabansa yake saitawa.

Mu yi lissafi. Duk juyi guda na inji mai silinda huɗu, tartsatsi biyu ake yi. In mota tana tsaye inji yana aiki, yakan juya kamar sau 800 a minti. Tartsatsi 1 600 ke nan. In tana gudu bisa kwalta inji yana juyi 3 000, tartsatsi 6 000 ne a minti, watau 100 cikin daƙiƙa guda. Kowane kuwa da lokacinsa.

Daga volt 12 zuwa volt 20 000

Ƙarfin turin wutar lantarki da volt ake auna shi. Batirin ƙaramar mota volt 12 gare shi. Wannan ƙarfi ba ya iya tsallake filin bakin buji, balle cikin iskar da aka matse. Ana bukatar volt 10 000, ko 20 000, wani lokaci fiye. Abin da ke ɗaga ƙarfin shi ne bobin.

In aka fasa bobin, za a tarda ƙarfe a tsakiya, an naɗe shi da waya iri biyu. Waya ta farko mai ɗan kauri ce, naɗinta kamar 200. Ta biyu siririya ce kamar gashi, naɗinta kamar 20 000. Ta biyu ta ninka ta farko sau 100 ke nan. Wani a cikinku zai yi maza ya ce: 12 sau 100, ai 1 200 ne kawai, ina sauran? Tambayar tana da kyau, kuma a nan dabarar take.

In wutar batiri tana bi ta cikin waya ta farko, ƙarfen tsakiya yakan zama maganaɗisu. Muddin wutar tana tafiya ba tsayawa, babu abin da ke fita ta waya ta biyu. Amma in aka katse ta farat ɗaya, maganaɗisun sai ya rushe nan take. Ku dubi jaki yana gudu da kaya, ya tsaya cak: kayan gaba za su yi. Haka wutar take yi. A wannan ƙiftawar ido ƙarfin waya ta farko yakan yi tsalle ya kai volt 200 ko 300. Yanzu ku ninka wannan sau 100, ku ga abin da za ku samu.

Ku riƙe wannan da kyau: ba lokacin da aka ba bobin wuta tartsatsi ke fita ba, sai lokacin da aka katse ta. Wani Bature na Ingila, Michael Faraday, shi ya gano a 1831 cewa maganaɗisu mai canzawa yana haifar da wutar lantarki cikin waya. Daga baya, a 1851, Heinrich Ruhmkorff ya kyautata irin wannan naɗi a birnin Paris har yana fitar da tartsatsi.

Ashe bobin bawa ne, umurni yake jira. Dole wani abu ya riƙa haɗa masa wuta yana katsewa, haɗa, katse, a daidai lokacin da kowace silinda ke so. Wannan haɗawa da katsewa ita muke kira saƙon kunna wuta. Bobin sabo fil, in saƙo bai iso gare shi ba, ba ya yin komi.

Wa ke aiko saƙon?

A motocin da, irin Peugeot 404 mai tamfol wadda kakanninku suka sha shiga zuwa kasuwa, aikin duka na ƙarfe ne. Akwai wani abu a gefen inji da ake kira delko. Cikinsa sanda ce mai kusurwa huɗu tana juyawa. Duk kusurwar da ta zo, sai ta ture wani ɗan hannu, bakin ƙarfe biyu su rabu. Bakunan nan su ne vis platinées da faransanci. In sun haɗu wuta tana bi, in sun rabu ta katse, bobin ya yi tartsatsi. Buɗewarsu ba ta wuce milimita 0,4. A saman delko kuma akwai ɗan yatsa mai juyawa, shi ke raba tartsatsin ga buji huɗu bi da bi.

Sunan delko yana da labari. Ba faransanci ba ne asalinsa. Taƙaitaccen sunan wani kamfani ne da aka kafa a garin Dayton na Amurka a 1909. Ɗaya daga cikin masu kafa shi, Charles Kettering, shi ya haɗa batiri da bobin da bakin ƙarfen nan suka zama tsari guda, aka sa shi cikin motocin Cadillac a 1910. Sunan kamfani ya bi kayan zuwa Faransa, daga can ya iso garajojinmu.

Bakin ƙarfen nan yana cinyewa, yana ƙonewa, ƙura tana shiga tsakaninsa. Shi ya sa direbobin da ba su rabuwa da ɗan guntun takarda mai yashi. Amma abu ɗaya yana da daɗi: ana ganin komi da ido. A buɗe murfin delko, a juya inji, a ga baki yana buɗewa yana rufewa.

Motocin yanzu ba haka suke ba. Tun wajen shekarun 1970 aka fara maye bakin ƙarfe da kayan lantarki marasa motsi. Yau kwamfuta ce ƙarama ke ba da umurni. Makanikai suna ce mata ƙwaƙwalwar mota, da faransanci calculateur. Ita kuwa a rufe take cikin akwatinta, ba ta ganin fistan. Yaya za ta san lokaci ya yi?

Ga yadda aka yi. Fistoci duka suna juya wani babban ƙarfe guda, vilebrequin. Jikin ƙarfen nan an ɗaura faifai mai haƙora. Dab da haƙoran an kafa wani ɗan abu kamar babban yatsa, capteur da faransanci. Mu kira shi ɗan rahoto. Duk haƙorin da ya wuce gabansa, sai ya aika ma ƙwaƙwalwa ɗan bugun wuta guda. A motoci da yawa an raba faifan gida 60, amma haƙora 58 aka yi, aka bar gurbin biyu. Giɓi ke nan. Da giɓin ya wuce, ƙwaƙwalwa ta san inda fistan na farko yake, sai ta shiga ƙirga haƙora daga nan. Da'ira digiri 360 ce. Ku raba da 60, ku ga digiri nawa ke tsakanin haƙori da haƙori. Wasu motoci gida 36 ne faifansu, amma dabarar ɗaya ce.

Ɗan rahoto iri biyu ne aka fi samu. Akwai wanda maganaɗisu ne kawai da siririyar waya naɗe da shi. Shi da kansa yake haifar da ƴar wutarsa in haƙora suna wucewa, yawanci waya biyu gare shi. Akwai kuma mai waya uku: ɗaya ta kawo masa wuta, ɗaya ta koma jikin mota, ta uku ta ɗauki rahoto. Shi yana aiki ne da wani abu da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879.

To, ku dubi jerin: faifai ya juya, ɗan rahoto ya faɗa ma ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aika ma bobin saƙo, bobin ya ba buji, buji ya kunna fetur. A wasu motoci ƙwaƙwalwa da kanta take katse wutar bobin. A wasu kuwa ɗan ƙaramin saƙo take aikawa, na kamar volt 5, ga wani mataimaki da ke jikin bobin, shi ya katse. Motocin Toyota da yawa, irin waɗanda ke aikin taksi a Yamai, har amsa ake maidowa. Saƙon zuwa sunansa IGT, na dawowa IGF. In ƙwaƙwalwa ta aika ba ta ji amsa ba, sai ta tsaida fetur, don kada ya yi ta zuba cikin silinda ba wuta.

Mu koma garaji

Inji ya yi kamar minti ashirin yana aiki. Muna zaune sai muka ji ya yi shiru, kamar an hure fitila. Direba ya ce:

— Ka gani ko, Maigida? Haka take yi.

Makanike ya miƙe da sauri, ya kira yaronsa:

— Kai, kawo ma'auni da fitilar gwaji. Maza, kafin ya huce.

Ya sa direba ya fidda giya, ya ja birkin hannu. Ya naɗe hannun rigarsa. Yaron yana da ƙyalle a wuya, ya ce ya cire. Gaban inji akwai fanka da bel masu juyawa, in suka kama tufa ba su saki.

Da batiri ya fara. Ya aza bakin ma'auni biyu bisa kawunansa, ma'auni ya nuna volt 12,6. Batiri cike ke nan. Ya ce a murza makulli. Inji yana juyawa, lamba ta sauka zuwa 10 da ɗoriya. Wannan ba laifi, na'urar tada inji tana shan wuta da yawa. Da ta faɗi ƙasa da 9 da rabi, da sai a tsaya nan, don ƙwaƙwalwa ba ta aiki sosai da wuta mai rauni.

Sai ya duba tartsatsi. Ya zare wayar buji ta farko, ya sa mata abin gwaji, ya maƙala shi jikin ƙarfen inji. Abin gwajin kamar buji yake, sai dai filin bakinsa ya fi faɗi, kamar santimita guda. Dalili kuwa, tartsatsi mai rauni yana iya tsallake ɗan fili a sarari, amma ya kasa cikin silinda inda iska take a matse. Aka murza makulli. Babu tartsatsi. Ya gwada ta biyu, ta uku, ta huɗu. Babu ko ɗaya.

A nan zan tsaya in ja muku kunne. Kada wanda ya riƙe wayar buji da hannu inji yana juyawa. Girgizar tana da zafi ƙwarai, tana iya wurga hannu cikin fanka, ga mai ciwon zuciya kuwa abin ya fi haka. Kada a yi gwajin kusa da buɗaɗɗen fetur, ko kwalba ko tsumman da ya jiƙe da shi. Kuma a motocin yanzu ba a barin wayar tana lilo ba inda wuta za ta bi. In ba ta samu hanya ba, ciki take komawa ta huda bobin.

Makanike ya tambayi yaronsa:

— Me ka gani?

— Babu wuta duka huɗu, Maigida.

— Da guda ce ta rasa fa?

— Da sai mu duba bujinta da wayarta.

— Tun da duka ne?

— Abin da suka yi tarayya a kai ne ya samu matsala.

— Madalla. Je ka bobin.

Direba ya ce ai bobin sabo ne. Makanike ya ce ya sani, ba bobin zai tuhuma ba, tambayarsa zai yi. Bobin abu biyu yake bukata: abinci da umurni. Abincinsa wutar batiri. Yaron ya buɗe makulli, ya taɓa ma'auni bisa wayar da ke kawo wuta: volt 12. Aka murza, wutar ba ta ɓace ba. Ke nan fis bai ƙone ba, makulli ma lafiya yake.

Saura umurni. A nan aikin yake. Makanike ya karɓi fitilar gwaji. Ƴar fitila ce mai tsinin ƙarfe da waya mai maƙali. A tsohuwar mota gwajin ba wuya. Bobin yana da ƙananan kawuna biyu. Na kawo wuta an rubuta masa + ko 15, a kayan Faransa BAT. Na katsewa an rubuta masa − ko 1, ko RUP. A maƙala wayar fitila jikin inji, a aza tsini bisa kan katsewa, a murza makulli. In fitila tana ƙyaftawa, saƙo yana zuwa. In ta kama ta tsaya ba ƙyaftawa, ba a haɗa wutar, watakila bakin ƙarfe ya yi datti ko waya ta tsinke. In ba ta kama ba sam, ko bakin ya manne bai buɗewa, ko wayar cikin bobin ta yanke. Lokacin tada inji yakan juya kamar sau 200 a minti. Tartsatsi 400 ke nan, wajen 7 a daƙiƙa, ido yana iya ganin ƙyaftawar.

Amma motar tumatir mai ƙwaƙwalwa ce. Makanike bai yi aiki da fitila mai ƙwai irin na da ba. Irin wannan tana jan wuta da yawa, tana iya ƙona ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta fi komi tsada a jerin nan. Ya ɗauki mai ɗan ƙwan LED, wadda ba ta shan wuta sai kaɗan. Bai kuma huda rigar waya ba. Ta bayan mahaɗi ya zura siririn tsinke har ya taɓa ƙarfe. Waya in an huda ta, damina na zuwa ruwa ya shiga, ta yi tsatsa daga ciki.

Aka murza makulli. Fitila ba ta ƙyafta ba. Ya koma ɗaya wayar saƙon, haka nan. Ya ɗago kai ya ce ma direba:

— Malam, bobin ɗinka ba shi da laifi. Na jiya ma da ka cire, ina jin ba shi da laifi. Ba a aiko masa komi ba.

Direba ya riƙe baki.

Yanzu tambaya ta koma baya: ƙwaƙwalwa ce ta ƙi aikawa, ko ita ma ba a faɗa mata ba? Makanike ya leƙa gaban direba, ya ce a sake murzawa. Akwai allura mai nuna juyin inji. A motoci da yawa takan ɗan motsa tun ana tadawa. Wannan ko gezau. Ya ɗauki dogon sukuddireba, ya aza tsininsa bisa abin da ke fesa fetur cikin inji, ya kanga ƙotar a kunne. Lafiyayye yakan yi ƙas, ƙas, ƙas. Wannan shiru. Ya kwance buji guda, ya tarda bakinsa a bushe, ba warin fetur.

Ku yi tunani tare da shi. Babu tartsatsi, babu feshin fetur, allura ba ta motsi. Abu uku sun tsaya tare. Dukansu daga ƙwaƙwalwa suke karɓar umurni. Ƙwaƙwalwar kuma tana da wuta, don fitilunta na gaban direba sun kama da aka buɗe makulli. Ashe inji yana juyawa, amma ita ba ta sani ba.

Yaron ya shiga ƙarƙashin mota, ya zare mahaɗin ɗan rahoto. Mai waya biyu ne. Makanike ya juya ma'auni zuwa awon ohm, watau awon yadda waya ke tare wuta. Irin wannan ɗan rahoto, lafiyayye, yakan nuna ohm ɗaruruwa, wani ya haura dubu. Kowace mota da lambarta cikin littafinta. Wannan bai nuna komi ba, kamar ba a haɗa bakin ma'auni da wani abu ba. Wayar cikinsa a yanke take.

Sai makanike ya yi wani abin da ya ba ni mamaki. Ya jiƙa tsumma da ruwan randa, ya ba yaron ya naɗe ɗan rahoto da shi, ma'auni yana haɗe. Muka zuba ido. Ba a daɗe ba lamba ta fito. Aka maida mahaɗi, aka murza makulli, inji ya tashi.

Kun gane dalili? Kun koya a darasin kimiyya cewa abu in ya yi zafi yana buɗewa, in ya huce ya tsuke. Siririyar wayar da ke cikin ɗan rahoto ta tsinke a wuri guda, amma bakunan suna taɓa juna in da sanyi. In inji ya yi zafi, ga kuma zafin ƙasarmu da ke wuce digiri 40 a bazara, sai su rabu. Rabin awar da direba ke zama bakin hanya, hucewa ce yake jira bai sani ba.

Akwai wata hanya ta biyu. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, suna da wani mahaɗi mai rami 16 ƙarƙashin sitiyari. Ana sa masa na'urar bincike, wadda makanikanmu ke kira valise. Ƙwaƙwalwa takan ajiye lambar abin da ya dame ta, na'urar ta karanto. P0335 na nufin rahoton juyin inji ba ya isowa daidai. P0301 na nufin silinda ta farko tana fashin ƙonawa. Na'urar tana da amfani, amma ni a ganina mutane sun cika dogara da ita. Unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. P0335 zai fito in ɗan rahoto ya mutu. Zai fito kuma in ɓera ya ci waya, ko mahaɗi ya cika da mai da ƙura, ko haƙorin faifai ya lanƙwashe. Shi ya sa makanike, ko da ya kama mai laifi, sai da ya bi wayar da hannu tun daga inji har inda ta shige, ya duba ko ta goge jikin ƙarfe. Ya tarda ta lafiya.

Manyan garajoji suna da wata na'ura mai allo, oscilloscope, wadda ke zana wutar kamar yadda kuke zana layi bisa allon aji. A nan ana ganin kowane haƙori, tudu bayan tudu, har giɓin ma ana ganinsa. Garajin Tasawa ba shi da ita, bai kuma bukace ta ba ran nan.

Aka aiki yaron wurin mai sayar da kayan mota da tsohon a hannunsa, don a kwatanta. Ya dawo da wani. Makanike ya auna shi tukuna kafin ya ɗaura. Ya goge wurin zamansa, ya ɗaure shi da kyau, don tazarar da ke tsakaninsa da haƙora ƴar kaɗan ce, in ta yi yawa rahoto ya yi rauni. Ya sa fitilar gwaji bisa wayar saƙo, ya kira direba ya zo ya gani da idonsa. Aka murza. Fitila ta yi ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf, inji ya kama.

Direba ya so ya tafi nan take. Makanike ya hana. Ya bar inji yana aiki har ya yi zafi kamar ɗazu, ya ƙara masa minti goma. Bai mutu ba. Ya kashe shi, ya sake tadawa da zafinsa, ya tashi. Sa'an nan ya ce:

— Inna, ku hau. Allah ya kai ku lafiya, ya ba da kasuwa.

— Amin, ɗan nan. Allah ya yi ma albarka.

Ta zaɓo tumatir cikin kwandon sama, ta cika ma yaron hularsa. Direba ya tura tsohon bobin ƙarƙashin kujera, aka ce ya ajiye, wata rana zai yi amfani. Suka kama hanyar Takeita ana kiran azahar.

Baburan kabu-kabu da injunan ban ruwa na lambu su ma da tartsatsi suke aiki. Nasu ya fi sauƙi: maganaɗisu ne jikin ƙarfen da ke juyawa, yana wucewa gaban naɗin waya. In kuna da irin injin nan a gida, ku roƙi babanku ya nuna muku buji da wayarsa, inji yana kashe.

Da motar ta tafi, yaron ya ɗauki tsohon ɗan rahoto, ya aza bisa dutse, ya fasa shi da guduma. Na matsa na duba. Ga ɗan maganaɗisu a tsakiya, garin ƙarfe ya manne masa. Ga waya ja naɗe da shi, ta fi gashin kai sirantaka. Muka yi ta biɗar inda ta tsinke, ba mu gani ba. Na roƙe shi gutsattsarin, ya ba ni. Suna nan cikin gwangwani bisa teburin aji, kowa ya zo ya duba.